Ranar da Jatau Ya Sare Hanyar Birai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Goggo.

Wani masassaƙi ne, sunansa Jatau, gwanin turmi, amma mai kunnen ƙashi. Bayan garinsu akwai kurmi, kogi ya ratsa shi. A ciki akwai birai masu farin hanci, 'yan kaɗan suka rage. Ba sa taka ƙasa, ba sa shiga ruwa, reshe ne hanyarsu. Abincinsu ɓaure yana wannan gefe, makwancinsu yana wancan, wani maɗaci ne ya miƙa rassa ya haɗa su. Masassaƙa kuwa tun kaka da kakanni ba sa sa gatari ga itacen da ya taɓa ɗan'uwansa a kan ruwa.

Jatau ya shafa gindin maɗacin ya ce, "Wannan ai turame ne a tsaye." Sai ya kayar da shi.

Ashe wata birinya ta tsallako cin ɓaure, ta bar ɗanta mai shan nono a can.

Washegari yana sassaƙa, sai ta leƙo daga sama.

"Jatau, ina hanyarmu?"

"Iska ce ta kayar."

"Iska mai gatari?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ɗan yana ta kuka daga tsallake.

Kashegari ta dawo. "Jatau, nonona ya cika."

"Bari in gama wannan turmin."

Rana ta uku birinyar ta zo ta zauna, ta zuba masa ido. Sai ga matarsa Lantana da goyo, ta kawo masa fura. Ta tsaya ta kasa kunne.

"Maigida, ka ji abin da na ji?"

"Ban ji komai ba."

"To, shi nake nufi. Kukan ɗan birin ya ɗauke."

Gizago ya suɓuce daga hannunsa. Sai ya ruga ya saro gora, ya ɗaɗɗaure, ya miƙa ta daga reshe zuwa reshe. Gora ta lanƙwashe a tsakiya. Sai ya shiga ruwa har wuya, ya tallafe ta da kansa, mata masu wanki suna kallo.

Birinya ta bi ta kansa a guje. Can sai ga ta ta dawo, rungume da ɗan, hannunsa yana reto. Ta tsaya daidai saman kan Jatau, ta share wa ɗan fuska, ta sa masa nono a baki. Bai kama ba.

Jatau ya ce, "Don Allah ki zage ni."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Kunya ta rufe shi, ya so ya nutse a ruwan nan. To ina! Sauran birai sun riga sun hau gorar. Ko sunkuyar da kai ba dama, haka ya tsaya, ido biyu, har na ƙarshe ya wuce.

Ƙurunƙus kan kusu. Yara, kafin ku ɗaga gatari, ku ɗaga kai ku ga wa ke bi ta sama.