Mata Ukun da Suka Riƙe Sista Barira

Ku gyara zama. Wannan labarin ba na dariya ba ne, kuma idan na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni nawa faɗi ne kawai.

A shekarar da annobar sarƙewar numfashi ta sa aka rufe gari, aka kulle kasuwa da makarantu, akwai wata nas a babban asibitin wani gari, sunanta Barira. Ita da ƙawarta Hansatu tare suka yi makarantar koyon jinya, tare aka ɗauke su aiki, tare kuma aka tura su ɗakin da ake killace masu cutar. Gado talatin ne a ɗakin, nas biyar. Ba sa komawa gida don kada su kai wa iyalansu cuta, an ba su masauki a wani tsohon gini a bayan asibiti. Mijin Barira, Haladu, sai dai ta ji muryarsa a waya.

Aikin ɗakin nan yana da ƙa'ida guda da ba a wasa da ita. Sa kayan kariya ba wuya, cire su ne abin tsoro, domin duk cutar tana jikinsu. Safar hannu biyu ake sawa, ɗaya kan ɗaya, ga riga har ƙasa, ga tabarau, ga takunkumi. Idan nas ta fito ba ta cirewa ita kaɗai. Dole wata ta tsaya gabanta ta zuba mata ido, tana faɗa mata abin da za ta cire da wanda zai biyo baya, saboda wanda ya yi awa shida yana gumi a cikin leda, hannunsa kan kai fuska bai sani ba.

Wata ranar Laraba da azahar Barira ce ke tsaron Hansatu. Suna tsakiyar cire kaya sai wani majinyaci ya ƙwalla ƙara daga ciki. Barira ta waiwaya, waiwaye ɗaya tak. Da ta juyo sai ta ga Hansatu tana share gumi daga idonta da bayan hannu. Ta riga ta cire safar waje ko ba ta cire ba? Barira ba ta gani ba, kuma ba ta tambaya ba, don aiki yana jiransu. Bayan kwana shida Hansatu ta fara zazzaɓi. Bayan sati biyu ta rasu, a kan gadon da ita da kanta ta sha gyara wa wasu. Ma'aikata ne suka kai ta makwancinta cikin kayan kariya, babu taro, babu zaman makoki.

Barira ba ta gaya wa kowa zancen waiwayen nan ba. Ta haɗiye shi, shi kuma ya zauna yana cin ta. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya koma mata kamar ƙasa a baki. Sai ta faɗa aiki ba ji ba gani. Duk wadda ta gaji, Barira za ta karɓar mata. Ku kuma kun san halinmu: a ce wa mutum "ina gajiya", ko yana shirin faɗuwa ne sai ya ce "ba gajiya", mai tambayar ma ya riga ya wuce. Ga takunkumi ya rufe fuska, ba mai ganin yadda kumatu suka zurma. Yabo ma aka riƙa yi mata, ana cewa Sista Barira ƙarfe ce. Ita kuwa ta fara shiga da safa ɗaya, ta riƙa lallaɓawa tana cire kaya lokacin da kowa ke fama da aiki, ba mai tsaronta. Ba ta taɓa cewa a ranta za ta halaka kanta ba, ta san haramun ne. Sai dai ta daina kare kanta, tana ganin idan cutar ta ɗauke ta an yi adalci.

Ta farko cikin matan ukun da suka riƙe ta ita ce Iya Tabawa, tsohuwar da ke kwashe kayan da aka cire ta kai wurin ƙonawa. Ba ta yi boko ba, amma ta shekara ashirin tana kallon abin da asibiti ke zubarwa. Ta lura duk lokacin da Barira ta fito, safa biyu take tararwa a bokiti maimakon huɗu. Ta lura kular abincin Barira kullum da nauyinta take dawowa. Kwana uku tana juya abin a ranta, domin mai shara ta kai ƙarar nas ba ƙaramin karambani ba ne, kuma aikin nan da shi take ciyar da jikoki. Ta san idan ba a yarda da ita ba, ranar za ta bar asibitin. Rana ta huɗu ta yi ta maza, ta je ofishin shugabar nas-nas ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ba kowa ba ce, amma yarinyar nan mutuwa take nema. Ki zo ki duba bokiti."

Daga ranar sauran nas-nas suka daina amsa gaisuwarta, suna kiranta munafuka. Haka ta ci gaba da shararta.

Ta biyu ita ce shugabar da aka kai wa maganar, Hajiya Turai. Shekarunta hamsin da takwas, ga ciwon suga, likitoci sun gargaɗe ta kada ta kuskura ta taka ɗakin killacewa. Ta je ta duba bokiti, ta ga haka abin yake. Ta ɗauko jadawalin aiki ta ga sunan Barira a kusan kowane layi, kuma da hannunta ta rubuta, tana murna ta samu mai toshe mata gurbi. Washegari da safe Barira ta zo shiga, ta tarar da ita tsaye ta tare ƙofa.

Hajiya Turai ta ce, "Daga yau ba ke ba ɗakin nan sai na ce."

Barira ta ce, "Hajiya, mu huɗu muka rage. Idan na zauna wa zai duba mutum talatin?"

"Wannan matsalata ce."

"Da kina da tausayi ai da tuni kin nuna. Sai yau?"

Maganar ta soki Hajiya Turai, domin gaskiya ce. Amma ba ta matsa daga ƙofar ba. Da Barira ta juya, sai Hajiya Turai ta aika aka kawo mata kayan kariya ta sa, ta shiga ta ɗauki aikin Barira gaba ɗaya. Kwana goma ta yi tana yi, ran na sha ɗaya cutar ta kama ta. Sai da aka sa mata iskar oksijin. Ta tashi, amma har yau idan za ta hau bene sai ta tsaya sau biyu ta huta.

To a nan ne abin ya ƙara ɓaci. Dama aikin nan shi ke hana Barira zama da tunaninta, yanzu an raba ta da shi, ga ɗaki, ga bango huɗu. Da labari ya zo mata cewa Hajiya Turai ta kwanta, sai ta ce a ranta ta biyu ke nan ta jawo wa. Ta kulle ƙofa. Aka haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa ta waya, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ta kashe. Haladu ya kira har ya gaji, ya zo bakin asibiti masu gadi suka mayar da shi. Kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Ran na huɗun da la'asar ta kunna waya ta kira mahaifiyar Hansatu, wata dattijuwa da ake kira Inna Dije, ta gaya mata zancen waiwayen daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Inna, ni na kashe miki 'ya. Ki yafe ni tun ina da sauran numfashi." Ba ta jira amsa ba ta katse.

Inna Dije ita ce ta uku. Hansatu ita kaɗai ce 'yarta mace, ba ta ga gawarta ba, ba ta san ko a ina kabarin yake ba sai da aka kwatanta mata. Maganar Barira ta tayar mata da mikin sabo, kuma kada in yi muku ƙarya, ta ji haushi, haushi mai tsanani. Amma ta kuma ji irin muryar da aka yi maganar da ita, muryar mai sallama ce. Da gari ya waye ta dama kunu ta zuba a jug, ta kama hanya a ƙasa, domin babu mota babu babur. Shinge uku na jami'an tsaro ta wuce tana roƙo. Da ta isa asibiti aka hana ta shiga, sai ta zagaya ta bayan katanga har ta gano tagar ɗakin Barira, ta tsaya daga nesa ta yi sallama.

Barira tana kwance ta ji muryar. Ta lallaɓa ta buɗe taga, ta sunkuyar da kai, tana jiran tsinuwar da take ganin ta cancanta.

Inna Dije ta ce, "'Yar nan, ban zo in ce miki ba ki waiwaya ba. Ko a nan ta ɗauka ko ba a nan ba, ke ba ki sani ba, ni ban sani ba, Wanda ya sani ya karɓi abarsa. Gaisuwa na zo yi miki. Ni an yi mini ta waya har kunnena ya gaji, don ni ce uwa. Ke da kuka shekara goma sha biyu kuna cin kwano ɗaya, wa ya yi miki? Barira, ya haƙuri? Ya muka ji da rashin Hansatu?"

Barira ta buɗe baki za ta ba da amsar da kowa ke bayarwa, amsar ta ƙi fita. Ta riƙe ƙarfen taga ta fashe da kukan da ta danne tun ranar da aka fita da ƙawarta. Tsohuwar ba ta ce ta yi shiru ba. Sai da Barira ta yi mai isarta, sannan Inna Dije ta tura mata kunun da sanda ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga ta sha. Washegari ta dawo, ta ce ba za ta tafi ba sai an kira likitan nan a gabanta. Kwana goma sha ɗaya tana wannan zirga-zirga. Maƙwabtanta suka daina shiga gidanta, suka hana 'ya'yansu karɓar ko ruwa daga hannunta, wai tana jigilar annoba. Daga baya ta faɗa da bakinta cewa ranar farko da ta kama hanyar nan, zuciyarta ba ta gama yafewa ba.

Barira ba ta warke a rana ɗaya ba. Ta ɗauki watanni tana ganin likita, wata rana gaba wata rana baya, kafin ta koma bakin aiki. Annoba ta lafa, aka buɗe gari. Bayan shekara biyu Allah ya ba ta haihuwa, 'ya mace. Haladu ya ce ya bar mata zaɓin suna, domin ya san da ba don wasu mutane ba, da babu uwar balle 'yar. Barira ta so a sa Hansatu, amma Inna Dije ta roƙe ta kada ta yi, ta ce ba za ta iya jin ana kiran sunan nan a tsakar gida ba. Saboda haka ya rage tsakanin mata ukun.

Da Iya Tabawa ba ta duba bokiti ba, da ana nan ana yabon Barira har a ɗauke ta a makara, ko da yake sai da ta yi kwana uku kafin ta buɗe baki. Hajiya Turai ta sa ranta a madadin na Barira, ta biya da numfashinta, amma ita ce dai ta riƙa rubuta sunan nan ba ta taɓa tambaya ba. Inna Dije kuwa ita ce mai hakkin yin fushi, ta ajiye shi ta tako da ƙafarta, sai dai da biyun farko ba su yi nasu ba, da ta zo ta tarar da taga ba kowa a bayanta.

Ga shi gobe suna, liman zai zo da sassafe, Haladu yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran abin da zai gaya masa, Barira kuma ta rungume jaririya ta kasa zaɓa. To ku da kuka ji, a cikin Tabawa da Turai da Dije, sunan wacce ya kamata a raɗa wa yarinyar nan?