Jatau Marini da Kuɗin Karofi

An yi wani mutum a wani birni, tun zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, sunansa Jatau. Marini ne, rijiyoyin rini biyar gare shi a karofi. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, bawan Allah ne kawai mai baƙaƙen hannuwa.

Duk shekara mai karɓar haraji, wani wai shi Barau, sai ya zo ya faɗi abin da za a biya, a biya ana gunaguni. Gunaguni kowa ya iya, amma ba mai tambaya. Jatau ya tambaya. Kwana uku yana zarya zauren magatakarda, har aka zaunar da shi aka warware masa: kuɗin gida kan kowane magidanci ne, kuɗin rumfa kan mai kasa kaya a kasuwa, kuɗin karofi kuwa kan rijiyar da ake rini a cikinta kaɗai. Busasshiyar rijiya ba ta biyan ko wuri ɗaya.

Ku saurara nan. Akwai wata tsohuwa, Kande, mijinta ya rasu ya bar mata rijiyoyi huɗu, duk sun bushe. Shekara uku Barau yana karɓar kuɗinsu, bana ma da ta kasa biya, akuyarta ya ja.

Jatau ya tare shi ya ce, "Malam Barau, rijiyoyin Kande ai busassu ne."

Barau ya ja shi gefe. "Naka guda nawa ne?"

"Biyar."

"Daga yau biyu ne. Ka kama bakinka."

Jatau ya ce, "Biyar ne. Na biyar zan biya. Ita kuma ka mayar mata da akuyarta."

Jama'a, sauƙi aka miƙo masa har hannu, ya ƙi. Sai Barau ya sa aka rufe masa rijiyoyi, wai ya yi wa hukuma tsaurin ido. Wata guda ba aiki. Baban rinin da ya jiƙa ya lalace, masu kawo rini suka kwashe kayansu, gidansa aka koma shan kunu sau ɗaya a yini. 'Yan'uwansa marina suna ce masa, "Kai ka jawo wa kanka." Bai zagi kowa ba. Kullum da hantsi yana ƙofar alƙali, har aka kira shi.

Alƙali ya ce, "Me kake nema?"

"Allah ya gafarta malam, a karanta dokar karofi kowa ya ji."

Aka karanta a bainar jama'a, aka aika aka leƙa rijiyoyin Kande, ƙura ce a ciki. Aka tuɓe Barau, aka mayar wa tsohuwa akuyarta da kuɗin shekara uku, aka buɗe wa Jatau rijiyoyinsa. Ashe marina goma sha ɗaya aka yi wa irin wannan cuta, ba su sani ba.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake: sanin abin da ke kanka amana ne, biyansa cikakke gaskiya ne, yin shiru a kan zalunci don a rage maka kuwa cin amana ne. Kai mai shago, ke mai tuyar ƙosai, kai mai gidan haya, ku je ofis ku tambaya: kuɗin mene ne, nawa ne, wa ya wajaba a kansa? Ku biya, ku karɓi rasit. In aka ce za a rage maka a ɓoye, ka tabbata a wuyan wani mai rauni za a ɗora ragowar, kuma za a tambaye ka. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.