Hankaka da Ungulayen Iya Tambai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce ta bar mu lafiya.

To, ku matso kusa. Mai son dariya ya yi abarsa da wuri, don can gaba ba lallai ya samu wurin yi ba.

A wani gari akwai wata unguwa da ake kira Bakin Kwata, don nan mahauta ke yanka. A ƙarshen unguwar akwai wata tsohuwa mai sayar da ragadada, sunanta Iya Tambai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun riga ta gidan gaskiya, ba abin da ya rage mata sai gidan nan mai ɗaki ɗaya da tsamiya a tsakar gida. Shekara hamsin tana cikinsa. In ka ce mata, "Iya, gidan nan fa ya tsufa," sai ta ce, "Tare muka tsufa, tare za mu faɗi."

Kullum da hantsi takan ɗauko kayan ciki daga kwata, ta zauna gindin tsamiya tana wankewa. Abin da ba ya shiga tukunya ta watsa bakin katanga. Ungulaye su sauko su cinye tas. Daga nan su bi kwata, su bi juji, su bi kwararo, ko mushen kaza ba ya kwana a Bakin Kwata. Ba mai gode musu, ba kuma mai tsangwamarsu.

Akwai kuma Hankaka. A wancan zamani baƙi ne ƙirin tun daga baki har wutsiya, ba ɗigon fari a jikinsa. Shi ma Iya Tambai ba ta manta da shi. Kullum takan ware ɗan kitse ta jefa masa, ta ce, "Ungo, ɗan baƙi, kai ma ciki gare ka." Ya cafe ya haɗiye. Amma kun san mai kwaɗayi, na bakinsa ba ya yi masa daɗi in yana hangen na bakin wani. Ya dubi hanjin da ungulaye ke ja, ya dubi ɗan kitsensa, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuci, "Masu sanƙon nan su ci tumbi, ni a ba ni abin goge baki? Za mu gani."

Ana nan, ana nan, sai wani dattijo, Baba Kakale, ya rasu. Mutumin nan ya haura casa'in, haƙori ɗaya ya rage masa, shi ma yana girgiɗi. Mutuwarsa ba ta ba kowa mamaki ba. Hankaka ya jira aka dawo daga maƙabarta aka zauna makoki, ya sauka kan zaure, ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya har sau uku.

Mai unguwa Barau ya ɗaga kai ya ce, "Hankaka, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, shiru ya fi."

"Faɗi mana."

"Shekaranjiya na ga ungulu a kan soron marigayi."

Wani ya ce, "Ai kullum suna kan soraye."

Hankaka ya ce, "Haka ne. Kullum kuma ana mutuwa. Ku da bakinku kuke cewa ungulu ba ta jewar banza. Mu da ke sama muna ganin abin da ba ku gani. Ungulu 'yar aiken mutuwa ce, ita ke zuwa duba mata masauki."

Kowa ya shiga tuna ranar da ya ga ungulu a kan ɗakinsa, ba kuwa wanda ya rasa ranar.

Mai unguwa ya ce, "Da magani?"

"Da magani, ranka ya daɗe. Mutuwa baƙuwa ce, yunwa ke kawo ta. Duk wanda ungulu ta sauka kan ɗakinsa ya yanka akuya. Nama a yi sadaka, kayan ciki a ɗora kan soro. Mutuwa ta ci, ta ƙoshi, ta wuce."

Liman ya ce wannan camfi ne, rai a hannun Allah yake. Aka ce masa, "Gaskiya ne, Allah gafarta malam," aka zame ɗaya bayan ɗaya aka tafi neman akuya.

Washegari Hankaka ya karya da hanta. Sai dai abin da bai lissafa ba, ungulu ma ido gare ta. Suka hango hanji a kan soro, suka sauko. Waɗanda ba su samu wuri ba suka jira a kan ɗakin maƙwabci. Maƙwabci ya fito ya gan su, ya yi salati, ya jawo wuƙa. A yanka don ungulu ta sauka, ungulu ta sauka don an yanka. Har awakin unguwar suka gane, da inuwa ta gifta sai ka ga sun ruga ƙarƙashin rumbu. Hankaka kuwa shi ke fara zuwa, ya kwashe hanta da kitse, ya bar wa masu sanƙo saura. Ya yi ƙiba har sai ya yi gudu a ƙasa kafin ya iya tashi.

Wata biyu awaki suka ƙare. Kaji suka ƙare. Wani bawan Allah ya ɗora tuwo da miyar kuka, Hankaka ya ce mutuwa ba ta cin tuwo. Daga nan mutane suka fara yi masa wani irin kallo. Mai unguwa ya kira shi ya ce, "Kai, mutuwar nan ba ta ƙoshi ne?"

Hankaka ya yi lissafi. Ya ga in bai nuna wani ba, shi za a nuna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina baƙuwa za ta tafi tana da mai masauki? Ku duba a tsamiyar wa suke kwana. Ku duba wa ke ciyar da su."

Ai kuwa ya faɗa. Wannan bakin da ya sha kitsenta, shi ya faɗa.

Mai unguwa ya kwashi jama'a suka yi sallama a ƙofar Iya Tambai. Ta fito da ludayi a hannu.

Ya ce, "Iya, ungulayenki sun hana unguwa barci."

Ta ce, "Nawa? Ni na ƙyanƙyashe su?"

"Ke ke ba su abinci."

"Kai ma na ba ka, Barau. Da romon tukunyar nan aka yaye ka."

Ya sunkuyar da kai, amma jama'a na bayansa, tsoro kuma ba ya jin kunya. Ya ce, "Daga nan zuwa Juma'a, ko su bar unguwar nan, ko ke ki bar gidan nan."

Iya Tambai ba ta kori kowa ba. Da hantsi ta zauna gindin tsamiya, ta wanke kayan ciki, ta watsa kamar kullum, hawaye na bin kumatunta. Ba ungulun da ta taɓa abincin. Babbarsu, wata tsohuwa mai tsinkakken fiffike, ta matso ta ce, "Iya, mun ji. Mu ko'ina muka samu dutse gida ne. Ke wannan kaɗai gare ki. Zauna abinki." Suka tashi gaba ɗaya suka yi gabas. Hankaka na laɓe cikin tsamiya, ya bi su da ido har ya ga dutsen da suka nufa, ya yi tsalle don murna. Yau kwata tasa, juji nasa, unguwa tasa.

Rana ta farko ya ci har ya kasa rufe baki. Rana ta biyu cikinsa ya murɗa. Rana ta uku abin da mahauta suka zubar ya fi ƙarfin hankaka ɗari. Sai ga jakin mai itace ya faɗi matacce kusa da rijiya. Hankaka ya sari fatar, baki ya lanƙwashe. Ya sake sara, ya ga taurari da rana tsaka. Ashe duk shekarun nan ungulu ke buɗe masa ƙofa a jikin mushe.

Mutanen Bakin Kwata kuwa tun kakanni ba su taɓa binne mushe ba, ba su ma san aikin wani ba ne. Mai jaki ya ce na mai unguwa ne, mai unguwa ya ce na mahauta ne, mahauta suka ce ba su suka yanka ba. Iya Tambai ce kaɗai ke fita da 'yar fartanyarta tana tura ƙasa a kan abin da ta iya. Damina ta sauka, ruwa ya wanko kwata da juji da jaki ya zuba rijiya. Amai da gudawa suka shiga gida gida. A mako guda aka yi jana'iza huɗu.

To, yanzu wane tsuntsu ake gani a kan soraye? Shi kaɗai. Wata mata da ta binne 'yarta ta nuna shi ta ce, "Jiya wancan ne a kan ɗakina." Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Aka shafa danƙo a kan soro, aka ɗora tsokar hanta. Hankaka ya san tarko ne, wallahi ya sani, amma hanta ce. Ya sauka, ƙafa ta manne.

Aka hura wuta a ƙofar mai unguwa. Hankaka ya ji zafinta a wutsiya, ya ce, "Ranka ya daɗe, in kun gasa ni loma nawa ne? Jakin kuwa yana nan inda yake."

"Me kake nufi?"

"Masu iya kwashe shi sun tafi. Ni kaɗai na san dutsen da suka koma."

"'Yan aiken mutuwar za ka kira mana?"

Hankaka ya dubi wuta, ya dubi jama'a. Ya ce, "Masu shara ne, ranka ya daɗe. Hanta nake so, shi ya sa na faɗi abin da na faɗa."

Ba wanda ya jefa shi wuta. Ba don sun yafe ba, don kowa ya tuna da hannunsa ya jawo wuƙa, da ƙafarsa ya je ƙofar tsohuwa.

Hankaka ya ce, "Sai dai ba za su yarda da bakina ba. Sai da shaida daga Iya."

Aka ɗaura masa igiya a ƙafa aka tafi da shi. Suka iske murhu a sanyaye, Iya Tambai kwance a kan tabarma, ido ya faɗa. Ciwon ya kama ta kwana biyu, ba wanda ya leƙo. Mai unguwa ya durƙusa ya gaya mata kome. Ta ce, "Barau, buɗe adudun can." Ya buɗe, ya fito da farin yadin da ta ajiye tun shekara goma don likkafaninta. Ta kama bakinsa ta yage ƙyalle, ta ce a miƙo mata tsuntsun. Hankaka ya runtse ido, ya zaci wuyansa za ta murɗe. Sai ya ji yatsunta suna ɗaura masa ƙyallen a wuya, a hankali, don kada ya shaƙe shi.

Ta ce, "Ungo, ɗan baƙi. Ka ce musu ni na ce su zo."

Aka kwance igiya ya tashi. Da ya ɓace wa idon mutane ya sauka kan wani gawo, ya ce, "Na tsira. Wa zai koma?" Ya sa ƙafa zai cire ƙyallen, ƙulli ya ƙi. Ya sa baki, ya ƙi. Ƙanshin hayaƙin ɗakinta kuma yana jikin yadin, yana shiga masa hanci. Karon farko a rayuwarsa kunya ta kama shi, ta fi yunwa zafi. Ya tashi ya yi gabas, kwana biyu yana tafiya.

Tsohuwar ungulu ta gan shi ta kau da kai. Sai idonta ya faɗa kan ƙyallen. Ta san yadin da ake ajiyewa a adudu, ta san kuma ba a yagarsa don wasa. Ba ta tambaye shi kome ba. Ta buɗe fiffike, sauran suka bi.

Ran Juma'a da hantsi suka iso. Ba su nufi jaki ba, ba su nufi kwata ba. Suka jeru a kan katangar Iya Tambai, kai a sunkuye. A daidai lokacin ake fitowa da ita a kan makara. Likkafanin ya gaza wajen ƙafa da faɗin ƙyalle ɗaya, mai unguwa ya kwance rawaninsa aka cike.

Wani daga baya ya yi raɗa, "Kun gani ko? Ungulu ba ta jewar banza."

Mai unguwa ya juyo, kansa ba rawani, ya ce, "Rufe mana baki. Mu muka ce ta bar gidan ran Juma'a, ga shi ta bari. Su kuwa gaisuwa suka zo, sun ma fi mu cancantar zama a nan."

Sai da aka rufe ta sannan ungulaye suka sauka aiki. Cikin kwana uku ba jaki, ba wari. Aka yashe rijiya, ciwo ya ɗauke.

Hankaka ya tsira daga wuta, amma ƙyallen bai kwance ba, har ya bi 'ya'ya da jikoki. Ku duba wuyansa gobe ku gani. Kullum da hantsi yakan sauka kan tsamiyar nan ya leƙa tsakar gida, ya yi kuka biyu, ya jira. Ba mai jefo masa kome.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Hankaka ba da na shara muku ƙarya, shi ya riga ni, bai bar mini saura ba. In kun ga ungulu a kan ɗakinku, ku bar akuya ta ci dusarta, ku ɗauki tsintsiya ku leƙa bayan gida.