Jangwada da Ramukan Suri

An yi wata Uwar Gara mai son jin magana mai daɗi. Surinta babba ne, cike da ƙwai, amma kullum tana ganin na maƙwabta ya fi nata tsari. Sai ta ɗauko Jangwada, ƙadangaren da ke yawon sayar da shawara, ana biyansa da ƙwari.

Jangwada ya zagaya surin yana gyaɗa kai.

"Ranki ya daɗe, gidan nan tulu ne. Arzikinki ruwa ne a ciki. Kin taɓa ganin tulu mai ramuka ya riƙe ruwa?"

Maganar ta ratsa Uwar Gara. Tulu! Ba wanda ya taɓa kwatanta mata gidanta haka.

Zago, shugaban magina, sarkin gardama, ya ce, "Malam, tulun wa ka taɓa gani da ƙwai a ciki?"

"To ramukan na mene ne?" in ji Jangwada.

"Oho! Haka muka tarar da su."

"Kin ji ko, ranki ya daɗe? Shugaban magina ke nan!"

Uwar Gara ta sa aka liƙe kowane rami da yumɓu.

Rana ta take, iska ta daina shiga. Ƙwai suka fara lalacewa. Uwar Gara ta leƙo ta wata 'yar tsaga tana haki.

"Malam, muna dahuwa!"

"Madalla!" in ji Jangwada, bakinsa cike da fara. "Kun wuce matakin tulu, yanzu kun zama tukunya. Tukunyar da ba ta zafi ai ba ta aiki."

Bai rufe baki ba sai ga inuwar shaho. Jangwada ya zabura zai faɗa rami, ya gwara kai da yumɓu. Ya koma wani, nan ma a liƙe.

"Zago, ɗan'uwa, buɗe mini!"

"Haba Malam," Zago ya amsa daga ciki, "so kake arzikinmu ya tsiyaye?"

Shaho ya sure shi.

Aka buɗe ramukan, iska ta dawo. Amma ƙwan da suka mutu sun mutu. Uwar Gara ta tsaya tana kallo ana fitar da su.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yara, in an ce muku abu kaza kamar abu kaza yake, ku tambaya ta ina suka yi kama, ta ina kuma suka bambanta, tun kafin ku ɗauko yumɓu.