Hodiya da Dutsen Niƙa Marar Ɗa

A zamanin da Bani Isra'ila ba su da sarki, kowace zuriya tana zaune a kan tudunta, an yi wata mata mai suna Hodiya a wani ƙauye na cikin duwatsu, inda kuraye suka fi mutane yawa. Ba 'yar wani babba ba ce. Murya gare ta, wadda in ta ɗaga ta a kan dutsen niƙa, maƙwabta ke sanin gari ya waye. Tana da ƙane maharbi, Gaddiyel, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu.

A shekarun nan ne sarkin wani birni na kwari ya danne su. Azzalumin yana da wayo, abin da ya fi ba ni haushi game da shi ke nan. Bai ƙone gona ba, bai kore garke ba. Aikawa ya yi aka bi gida gida aka kwashe 'ya'yan duwatsun niƙa, aka bar wa mata uwayen, ya ce duk wanda ya sassaƙa sabo a sare masa hannu. Mai son gari dole ta gangara birninsa da sha'ir a ka, ta niƙa a ƙofar fada, ta bar rabi. Ƙauyuka suka yi tsit. Hodiya ta daina waƙa.

Da tura ta kai bango, Gaddiyel ya tara maharba da makiyaya, daga mai baka sai mai majajjawa, suka tsare mashigin dutse. Rundunar sarki ta hauro cikin sulke. An ce sama garau take a ranar, sai ga hadari ya taso, ƙanƙara ta zubo, kowace kamar ɗan dutsen niƙa. Ta farfasa rundunar, ba ta taɓa ko mutum ɗaya daga mutanen tudu ba. Gaddiyel ya fatattaki sauran har birni, ya ɗoro 'ya'yan duwatsun da aka kwashe a kan jakuna ya dawo.

Aka tarye shi da kirari: "Zakin tudu, gagara sulke! Baka ɗaya maganin dubu!" Kirari kuwa giya ne, yana hawa kai. Maimakon ya raba duwatsun, sai ya jibge su a tsakar gidansa, wai don tsaro. Kowace mace ta zo nan ta niƙa, ta bar cikin tafi ɗaya saboda mayaƙa. Har an fara raɗe-raɗin naɗa shi sarki.

Ya sami Hodiya ya ce, "Yaya, gobe za a taru. Ki yi mana waƙar nasara, ki sa sunana a gaba."

Ta ce, "To, ɗan'uwana. Duwatsun fa?"

"Suna hannu mai kyau."

"Haka sarkin kwari ma ya ce."

Da ya fita ta yi kuka. Tana ƙaunarsa, tana kuma tsoron kada yaron da ta goya ya zama abin da ya kayar.

Washegari ta sa aka ɗauko uwar dutsenta aka ajiye a tsakiyar taro. Ta durƙusa, ta zuba sha'ir, ta shiga niƙa da tafin hannu, tana rerawa:

"Ku yabi Ubangiji, mai jin kukan da ba a furta ba,
Ya ga murhu ba wuta, ya ga dutse ba ɗa.
Ba baka ba ne, ba majajjawa ba,
Daga sama ya jefo irin abin da aka ƙwace mana.
Ya karya hannun da ya riƙe abincin marayu,
Ko hannun wane ne, zai karya shi."

Mata suka karɓa. Ba ta tsaya ba har fatar hannunta ta saɓule, sha'ir ya yi ja. Gaddiyel yana tsaye yana kallon hannayen da suka ba shi abinci yana ƙarami. Ya juya ya shiga gida, ya fito ɗauke da ɗan dutse, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

Ya ce, "Yaya, ya isa."

Ta ce, "Nawa kaɗai?"

Kafin rana ta faɗi, kowane dutse ya koma gidansa, Gaddiyel da kansa ya yi dakon su. Bai yi sarauta ba. Maharbi ya rayu, maharbi ya mutu.

Ƙauyen ya girma ya zama gari, ana kiransa Maniƙar Hodiya. Duk kaka, kafin mace ta niƙa sabon sha'ir, sai ta fara shafa uwar dutse da tafin hannu ta rera waƙar. Sunan Gaddiyel ba ya cikinta. Tsofaffi sun ce har ya tsufa, in ana rera ta, muryarsa ce ta fi ta kowa tashi.