Barcin Inna Avis a Ɗakin Cuku

Akwai wata baiwar Allah mai suna Dorcas Pargeter, a wani ƙauye na yankin Cheshire a Ingila, tun zamanin da ba a san wata fitila ba sai kyandir. 'Yar masu kiwon tumaki ce daga kan duwatsu, aure ya kawo ta gidan masu shanu. Mijinta Giles yana gona. Ita tana gida da 'ya'ya huɗu, shanu tara, da surukarta Inna Avis.

In na ce muku Dorcas ta gaji, ban ma faɗi komai ba. Kafin rana ta fito ta tatse shanun nan. Ta kaɗa man shanu, ta haɗa cuku ta danne shi, ta gasa burodi, ta ɗebo ruwa, ga wankin ranar Litinin mai cin fatar hannu. Wani lokacin cokali na hannunta gyangyaɗi zai kwashe ta.

Inna Avis kuwa, kullum da an karya kumallo sai ta kama tsani ta hau ɗakin sama inda ake jera cuku.

"Bari in je in miƙe bayana, 'yar nan," in ji ta. "Can ya fi sanyi."

Sai ta ja ƙofa, ba a ƙara ganinta sai rana ta take. Ta sauko tana nishi, ta zauna a kujerarta ta bakin murhu, a miƙa mata kwano.

Wannan nishin shi ke ƙona wa Dorcas rai. Mutum ya sha barcinsa, kuma ya fi mai aiki nishi!

Ta san dai duk Asabar Inna da Giles suna hawa su goga wa cukun gishiri su juya shi. A garin iyayenta ba a yin manyan cuku, sai ta ɗauka aikin ke nan, sau ɗaya a mako. Ba ta taɓa tambaya ba. Ina ma ta ga lokacin tambaya?

Ran nan, lokacin yankan ciyawa, ta kai wa Giles abincin rana a gona. Ta dire kwandon, ta ƙi zama.

"Maigida, abin ya kai mini iya wuya. Ka kai Inna gidan Sibyl." Sibyl ƙanwarsa ce, tana aure a wani ƙauye mai nisan mil bakwai.

Giles ya ajiye lauje. "Ke ma kin san abin da Baba ya rubuta a wasiyya. Ɗakinta da wurin zamanta a bakin murhu, har ranar da za ta koma ga Allah."

"Wasiyyar ta hana ta ziyartar 'yarta ne? Baki bakwai nake ciyarwa da hannu biyu. Mai barci ai ko'ina ta samu tabarma ta gama."

"Ziyarar kwana nawa?"

"Ka dai kai ta tukuna."

Giles mutum ne da ba ya son dogon zance, ga shi shi ma a gajiye yake liƙis. Ya ci burodinsa ya koma kan laujensa. Da yamma ya je yana kame-kame gaban mahaifiyarsa, ita ta sauƙaƙa masa.

"Bar wahalar da bakinka, Giles. Dama ina kewar Sibyl."

Washegari aka ɗaura doki a amalanke. Tsohuwa ta fito da ƙullin kayanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsani.

"Dorcas, maganar cukun nan..."

"Na sani, Inna. Asabar."

"A'a, tsaya ki ji..."

"Inna, madara na kan wuta, doki kuma na jira. A sauka lafiya."

Ta shige ciki abinta. Kai jama'a, da ta tsaya ko na numfashi uku ne!

Asabar ta farko hadari ya taso, kowa ya ruga gona kwasar ciyawa kafin ruwa ya lalata ta. Ba wanda ya tuna da ɗakin sama. Dorcas ta ce ai cuku ba gudu zai yi ba. Aikin gida kuwa ko kaɗan bai ragu ba, kwano ɗaya ne kawai ya ragu a wanke-wanke.

Ana jibi Asabar ta biyu, wani wari ya fara saukowa ta tsakanin katako. Suka hau ita da Giles. Da ya tura ƙofa sai da suka toshe hanci.

Cuku arba'in ne a jere, abincin gidan na hunturu gaba ɗaya. Giles ya ɗaga na farko, gindinsa ya maƙale a katako, ya ruɓe ya yi baƙi. Na biyu ya kumbura ya tsage. Na uku tsutsa ce ta yi gida a ciki.

"Yaushe rabonki da juya su?" in ji shi.

"Ba ranar Asabar ake juyawa ba?"

Ya juyo ya kalle ta. "Asabar ta gishiri ce. Sabon cuku kullum ake juya shi, in ba haka ba ruwan ya taru a ƙasa ya ruɓar da shi. Ba ke kike yi ba? Inna ce ta ce mini ke kike hawa kullum, har tana sa miki albarka."

Dorcas ta waiwaya. Ta duba ɗakin nan lungu-lungu. Babu shimfiɗa, babu matashi, babu ko wurin da mutum zai miƙe ƙafa.

Goma sha takwas suka zubar. Sauran ashirin da biyun, Dorcas ta ce ita kaɗai za ta juya da safe. Kowanne ya kai nauyin autanta mai shekara biyu. Ka rungumo shi, ka goge katako, ka kifa shi, ka koma na gaba. A na goma ta share gumi ta ci gaba. A na goma sha biyar ta ji wani sauti ya fito daga ƙirjinta, ta tsaya cak. Ta san nishin nan sarai.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ta bar wa Giles yara, ta taka mil bakwai ɗin nan da ƙafarta.

Sibyl ce ta buɗe ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa. "A'a, manyan baƙi. An zo duba ko ta mutu ne?"

Dorcas ta haɗiye, don ta san ta ci a faɗa mata. Ta tarar da Inna Avis a lungu, nesa da wuta, an lulluɓe mata gwiwa da bargo. Gidan Sibyl ƙarami ne, bakin murhunsu na da masu shi. Sati biyu na zama wuri ɗaya ya sandarar mata da ƙafafu.

Tsohuwa ta ɗago kai. "Guda nawa suka lalace?"

"Sha takwas, Inna."

"To. Da sauran ashirin da biyu. Za ku kai bazara in kun yanka siriri."

Dorcas ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba. "Inna, shekara shida! Don Allah me ya sa kika ce mini barci kike yi?"

"Da na faɗa miki, da kin ce ba zai yiwu tsohuwa ta yi ba, kin ɗora wa kanki. Ni kuma na duba bayanki, 'yar nan, ban ga sauran wurin ɗora kaya ba."

Nan kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. Da ƙyar ta iya cewa, "Ki dawo gida, Inna."

"Ki sani fa, ƙafar nan ta gama da tsani. Ba ni da sauran amfanin da zan yi miki."

"Ba don tsani na zo ba."

Washegari Giles ya zo da amalanke, ya ɗauki mahaifiyarsa cak kamar jaririya, ya kai ta har kujerarta. Ba ta sake hawa ɗakin sama ba har ƙarshen rayuwarta. Aikin Dorcas ya ƙaru, gajiya ta ninku, hunturun nan kuma sun sha gayan burodi ba kaɗan ba. Amma duk ranar da aka yanka cuku, yankan farko na Inna Avis ne, kuma Dorcas ce ke kai mata da hannu biyu.

Darasi: Gajiya takan rufe wa mutum ido har ya ɗauka shi kaɗai ke wahala a gida. Kafin ka kira wani cima-zaune, musamman tsohon da ke gabanka, je ka ga abin da yake yi a inda ba ka leƙawa, kuma in ya buɗe baki ka bar shi ya ƙarasa maganarsa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila a gidan wani akwai tsohuwar da ake shirin ɗaura wa kaya.