Hukuncin Ƙofar Gidan Magini

An ce wai a wani gari an yi wani alƙali, Malam Jibrilla, mutum mai jinkirin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya dubi fuskar mai ƙara da ta wanda aka yi ƙara.

Wata rana wani magini mai suna Tanimu ya zo gabansa. Tanimu sananne ne a garin, shi ya gina soron masallaci, kuma ba ya alfahari da komai kamar gidan da ya gina wa kansa. Ƙararsa ita ce matarsa Saude ta yi yaji zuwa gidan yayanta Barmo, ya je biko, yayan ya hana ta komawa.

Tanimu ya ce, "Allah ya gafarta malam, ban rage ta da ci ko sutura ba. Ga ta nan, a tambaye ta."

Saude ta saci kallon mijinta kafin ta buɗe baki, sannan ta ce, "Gaskiya ya faɗa."

Alƙali ya lura da tabo a saman girarta, ya tambaye ta. Ta ce ƙofar ɗaki ce ta buge ta. Ya tambaye ta ciwon hannun da take ɓoyewa cikin mayafi, ta ce santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. Haƙorinta da ya gutsure kuwa, ta ce daga matakala ta faɗo.

Barmo ya ce, "Malam, ban gani da idona ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma yarinyar nan a gabana ta girma, bishiyar kanya take hawa ba ta taɓa faɗowa ba."

Alƙali ya auna maganar. Babu shaida, ita kuma ba ta kawo kuka ba, kuma ba a hukunci da zato. Amma ya san in ya mayar da ita, wataƙila labarin da zai ji nan gaba na jana'iza ne.

Ya tambayi Barmo, "Tun da ta zo gidanka, ta faɗi?"

"Ko tuntuɓe ba ta yi ba."

Sai alƙali ya gyara zama ya ce, "Na karɓi maganar Saude yadda ta faɗe ta. Laifin na gidan ne. Shari'a ta ɗora wa miji ya ajiye matarsa inda ba za ta cutu ba. Saboda haka a ɓalle ƙofar, a cike rijiyar, a rushe matakalar. Ranar kasuwa kuma a yi shela cewa ginin Tanimu yana raunata mutane, duk mai ba shi aiki ya yi hattara."

Tanimu ya miƙe zumbur. "Ƙofata ba ta taɓa buge kowa ba! Bakin rijiyata ba ya santsi, matakalata ko makaho zai hau! Ƙarya take yi!" Ya juya wajen matarsa ya daka mata tsawa, "Ke, gaya musu!"

Hannunsa bai gama ɗagawa ba, Saude ta riga ta duƙunƙune, ta rufe kanta da hannu biyu. Duk wanda ke zauren ya gani.

Alƙali ya ce a hankali, "Ka wanke ƙofa, ka wanke rijiya, ka wanke matakala, kuma na yarda da kai. To a gidan nan, wa ya rage?"

Aka fitar da Tanimu waje aka tsare shi. Alƙali bai sake yi wa Saude tambaya a gaban maza ba. Ya sa aka kira Inna Yalwa, tsohuwar ungozomar garin, ta shiga da ita ɗaki su biyu. A can Saude ta nuna mata bayanta, ta kuma faɗi abin da ya rufe mata baki: mijin ya ce ba wanda zai yarda da ita, kuma ranar da ta yi magana zai ƙwace 'yarsu.

Da suka fito, alƙali ya ce, "'Yata, ba ke ce da laifi ba, kuma 'yarki ba za ta bar hannunki ba. Yanzu me kike so?"

Saude ta ce, "Malam, ina so in ji an turo ƙofa, gabana bai faɗi ba."

Alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ba tare da ta mayar da sadaki ba. Ya ɗora wa Tanimu jinyarta da ciyar da 'yar, ya hukunta shi kan dukan, ya kuma hana shi bin layin gidan Barmo. Inna Yalwa ta ci gaba da leƙa ta har hannun ya warke.

Daga baya aka tambayi alƙali yadda ya gane. Ya ce, "In kun ga mace tana ɗora wa ƙofa laifin rauninta, kada ku matsa mata da tambaya. Ku fara nesanta ta da wanda take tsoro. Wanda aka zalunta ba ya magana sai ya tabbata akwai inda zai kwana lafiya bayan ya yi ta."